Yadda zaka haɗa na'urar auna yanayi dake can gona da kwamfutarka

Akwai wata gonar noman rani can wajen Kura da aka kira ni aiki, mai gonar ya sayi na'urar auna yanayi mai kyau an kafa ta a tsakiyar fili, 'yan kofunan auna iska suna ta juyawa abin sha'awa, amma duk ranar da yake son sanin ruwan da ya sauka ko zafin da akayi da rana sai an tura yaro kan babur yaje ɗakin mai gadi ya ɗauko hoton allon da waya ya turo. Yace min Injiniya ni fa so nake ina zaune a ofis in buɗe kwamfuta in ga komai. Nace ranka ya daɗe zai yiwu, amma kafin a sayi ko ƙusa ɗaya sai mun auna nisa mun kuma ga abinda ke tsakanin na'urar da inda kwamfutar zata zauna. Toh abinda na gaya masa ranar da abinda na koya a irin waɗannan ayyukan shi zan zayyano anan.

Ka fara sa wannan a ranka: duk hanyar da ka bi, wata rana sai ta katse. Ko wuta ta ɗauke, ko sabis ya gudu, ko ɓera ya cinye waya. Saboda haka tun farko ka tsara aikinka yadda in ta katse bayanan basu salwanta ba, suna nan a ajiye a wajen na'urar suna jiran hanya ta dawo. Komai da zan faɗa ƙasa akan wannan aka gina shi.

Ka san abinda ke hannunka

Na'urar nan kashi uku ce ko da kuwa a kwali ɗaya aka kawo maka ita. Akwai na waje, wato ma'aunan zafi da laima da iska da mazurarin ruwan sama. Akwai mai karɓa, ko allo ne da ake ajiyewa a ɗaki ko wani ɗan akwati mara allo. Sannan ma'ajiya, wadda ke rubuta lambobin lokaci bayan lokaci tana adanawa. Ita kwamfuta da mai karɓan ko ma'ajiyar take magana, ba da na wajen ba, mutane da yawa anan suke rikicewa sai kaga mutum yana neman inda zai soka USB a jikin sandar dake fili.

Misali Davis Vantage Pro2, na waje yana aiko da saƙo ta rediyo duk daƙiƙa biyu da rabi, kamfanin yace yana kaiwa mita 300 in babu komai a tsakani, in kuma akwai bango ya koma tsakanin mita 60 zuwa 120. Ma'ajiyarsa ta WeatherLink da ake sokawa a bayan allon tana ɗaukar layi 2560, kaga kenan in ka saita ta rubuta duk minti 5 zata riƙe kusan kwana 9 kafin ta fara goge na baya, in duk minti 30 ne ta haura kwana 50. Wannan lissafin yana da amfani sosai, shi zai gaya maka kwana nawa kake da su na gyara in hanya ta yanke. Su kuma masu sauƙin kuɗin irin Ecowitt da sauran waɗanda Fine Offset ke ƙerawa, nisan rediyonsu wajen mita 100 ne a sarari, kuma da yawa daga cikin ƙananan akwatunansu basu da ma'ajiya kwata-kwata, abinda ya wuce ya wuce. Ka tambaya kafin ka biya kuɗi.

Wani abu kuma da za'a duba a jikin kwalin shine mitar rediyon. Za ka ga an rubuta 433 ko 868 ko 915 MHz. Ta Amurka 915 ce, tana yawo tsakanin 902 da 928, kuma wani ɓangare na wannan wurin shine inda wayoyinmu na GSM 900 ke amfani dashi a wannan yankin, saboda haka in kana da zaɓi ɗauki 868 ko 433. Kuma na waje na Amurka ba zai taɓa magana da allon Turai ba ko da kamfani ɗaya ne samfuri ɗaya, in zaka sayi na hannu ko ka haɗa daga wurare biyu ka lura. In kuma eriya mai ƙarfi zaka ɗaga ta dogon zango, ka nemi sanin ƙa'idar hukumar sadarwa, NCC in a Najeriya kake, ko ARCEP in a Nijar.

A kan tebur tukuna

Wallahi wannan matakin shi ake tsallakewa kuma shi ke jawo wahalar banza. Kafin ka hau ko wace sanda, ka shimfiɗa komai akan tebur ɗaya, na waje da allo da kebul da kwamfuta, ka tabbatar suna magana da juna a tazarar taku biyu. In basu yi magana anan ba to ba zasu yi a kilomita biyu ba, kuma gara ka gano matsalar kana zaune ƙarƙashin fanka da ka gano ta kana rataye a saman fayif rana na dukanka.

Ka kunna na waje ka kunna allo ka jira lambobi su fito. A Davis akwai wasu 'yan ƙananan makunnai a cikin akwatin na waje da ake zaɓar lambar tasha dasu daga 1 zuwa 8, dole lambar da ke can ita allon ke saurara. Ka ɗan hura wa ma'aunin iska ka gani ko lamba ta motsa, ka karkata cokalin ruwan da yatsa kaji ƙas, kowane ƙas ɗaya milimita 0.2 ne a irin wanda ke awo da milimita. Ka tuna ka goge wannan ruwan ƙaryar daga baya.

Sai kwamfuta. Ka soka USB ɗin, in Windows ne ka buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Ports, ya kamata kaga wani abu kamar COM3 ko COM4 ya fito. In ka ga alamar rawaya to direba ne babu, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kebul ɗin, ka duba sunan ɗan guntun dake cikin kebul ɗin, yawanci CP210x ne ko FTDI ko CH340 ko Prolific, ka sauke direbansa daga shafin kamfanin da kansa ba daga wani shafin talla ba. In Linux ne zai fito da suna /dev/ttyUSB0, ka sa sunanka a rukunin dialout in ba haka ba zai ce baka da izini. Shawarata ma kar ka dogara da ttyUSB0 ɗin, domin ranar da ka soka wani abu daban zai iya komawa ttyUSB1 manhajarka ta tsaya tana lalube, ka shiga /dev/serial/by-id ka kwafi dogon sunan dake can shi baya canzawa.

Daga nan ka buɗe PuTTY, wata 'yar manhaja da ake aika wa na'ura umarni a rubuce da ita, ka zaɓi Serial, ka rubuta COM ɗinka, ka sa gudun da saƙo zai riƙa tafiya. Na Davis 19200 ne daga kamfani, bit 8, babu fariti, tsayawa 1, abinda ake taƙaitawa 8N1. Baƙin allo zai buɗe, ka danna Enter sau biyu ko uku domin allon nasu bacci yake don tattalin batir sai an tashe shi, in yaƙi ka gwada Ctrl da J, sannan ka rubuta TEST da manyan baƙaƙe ka aika. Kana rubutawa ba zaka ga komai ba kar ka damu, in ya dawo maka da kalmar TEST to shikenan hanya ta buɗe. In wasu tarkacen alamu kake gani marasa ma'ana, gudun ne bai dace ba, sauya shi zuwa 9600 ko wani. In shiru ne ɗif, ko COM ɗin ne ba shi ba ko wata manhaja ta riga ta riƙe shi, domin ƙofa ɗaya manhaja ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Ka rufe PuTTY kafin ka buɗe manhajar yanayin, wannan ƙaramin abin ya sha cinye wa mutane yini.

Manhaja kuwa, Cumulus MX kyauta ce tana aiki a Windows da Linux, in ta tashi sai ka buɗe burawuza ka rubuta localhost:8998 ka shiga ka saita irin na'urarka. WeeWX ma kyauta ce, da Python aka rubuta ta, ta fi dacewa da Linux kuma tana ajiye komai a fayil ɗaya na SQLite wanda kwafarsa ba wuya. Ni ita nafi amfani da ita in akwatin zai zauna shi kaɗai ba mai kula. Duk wadda ka ɗauka ka barta ta kwana tana aiki akan tebur ka tashi da safe ka duba ko akwai giɓi.

Yanzu sai nisa

In tazarar bata wuce ƙarfin rediyon na'urar ba, to aikinka kawai neman wuri ne. Ka sa allon kusa da tagar dake fuskantar fili, ka nisanta shi da inbata da rawuta, wato akwatin dake raba intanet. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe da kwantena sune manyan maƙiyan sigina, gidan da aka zagaye da kwano kamar ka sa allon a tukunya ka rufe ne. A Vantage Pro2 in ka danne TEMP ka taɓa HUM zai nuna maka kashi nawa cikin ɗari na saƙonnin ke isowa, ka riƙa yawo da allon kana dubawa har ka samu inda ya haura casa'in. In an kusa amma ba'a kai ba akwai ɗan akwatin miƙa sigina mai sola da ake kafawa a tsakiyar hanya ya karɓa ya tura gaba.

Kar kace zaka ja USB ya yi tsawo, mita 5 ne iyakarsa. Tsohuwar wayar RS-232 ita kuma wajen mita 15, kebul ɗin netwok na Ethernet mita 100. Wanda ke tafiya da nisa a waya shine RS-485, yana kaiwa mita 1200 in an bi ƙa'ida, kuma yawancin ma'aunan da ake sayowa ɗaiɗai daga Sin da shi suke zuwa suna magana da yaren Modbus. Waya biyu ce A da B, dole su zama murɗaɗɗun juna, ɗauki kebul na CAT6 irin na waje ka ware ma'aurata ɗaya ka basu, wata wayar ka haɗa ƙasan ɓangarorin biyu da ita, sannan ka sa rizisto mai om 120 tsakanin A da B a kowane ƙarshe in layin ya yi tsawo. A wajen kwamfuta ɗan abin juya USB zuwa RS-485 zaka soka. In ka haɗa shiru, kafin kayi zargin komai ka musanya A da B, kamfanoni basu haɗu akan wanne ne wanne ba kuma musanyawar bata ƙona komai. Ka duba takardar ma'aunin ka ga adireshinsa da gudunsa, wasu 9600 wasu 4800, in kuma biyu zaka jera a layi ɗaya sai ka canza wa ɗaya adireshi domin galibi duk da 1 suke zuwa. In ka karanta kaga zafi 325 ba lalacewa yayi ba, 32.5 yake nufi, raba da goma ake yi.

Amma fa waya a gona tana da nata ciwon kan. Mun taɓa shimfiɗa kusan mita ɗari huɗu a gefen kunya muka ɗan rufe da ƙasa, ba'a yi wata biyu ba bayanai suka fara zuwa suna yankewa, da muka bi layin muka tarar ɓeraye sun gwaguye ta a wuri uku, wani wurin kuma fartanya ce ta sare ta. Tun daga ranar bana binne waya sai cikin fayif na roba, zurfin da garma ba zata taɓa ba, kuma bana yin haɗi a cikin ƙasa, duk inda za'a ɗaura waya da waya sai an fito dashi sama cikin akwati mai murfi. Sai babbar magana wato tsawa. Doguwar wayar tagulla a fili jan wutar tsawa take ko da ba a kanta ta faɗo ba, hadarin farkon damina guda ɗaya ya isa ya ƙone maka abin juyawar da kwamfutar gaba ɗaya. Ka sa abin kariya daga tsawa a ƙarshen nan biyu, ka kafa sandar ƙasa ta tagulla ka haɗa, sannan abin juya USB ɗin ka sayi wanda aka raba wutarsa da ta kwamfuta ko da ya ɗan fi tsada.

In tazarar kilomita ɗaya ce zuwa 'yan kilomitoci kuma daga saman gini kana hango wurin, akwai hanya biyu. Ko dai eriyoyin nan biyu masu kallon juna irin NanoStation ko LiteBeam na Ubiquiti, waɗanda ke maida gonar kamar tana cikin netwok ɗin ofishinka, sai ka sa ɗan akwatin juya siriyal zuwa Ethernet a can, kwamfutarka ta ganshi kamar COM ne a jikinta. Ko kuma LoRa, mai ɗaukar ɗan ƙaramin saƙo yayi nisa da 'yar wuta kaɗan, ana sayar da su biyu-biyu ka soka RS-485 a wannan ya fito a wancan. Ga lambobin yanayi LoRa ya isa har yayi yawa, na farkon sai in kana son ka haɗa da kamara.

Abinda ba'a cika faɗa ba shine hango juna kaɗai bai wadatar ba. Sigina ba kamar zare yake tafiya ba, a tsakiyar hanya kumbura yake kamar gora, kuma yana son wannan cikin nasa ya wuce ba tare da ya goga ƙasa ko bishiya ba. A 868 MHz tazarar kilomita ɗaya, daga tsakiyar layin zuwa gefen kumburin ya kai wajen mita 9, ana so aƙalla kashi sittin cikin ɗari ya zama sarari, kaga kenan eriyarka ta tashi mita 5 zuwa 6 sama da duk abinda ke tsakiya. Shi yasa ƙara tsawon sanda yafi ƙara ƙarfin rediyo amfani. Kuma ka tuna gwajin da kayi a watan Maris ba shine na Agusta ba, lokacin dawa ta tashi ta fi mutum tsawo, darbejiya da mangwaro sun cika da jiƙaƙƙen ganye suna shanye sigina. Gawo ne kawai ke yi maka akasi, shi da damina yake zubar da ganye da rani ya tofo, in shi ne a tsakani to da rani zaka yi gwajinka.

In gonar tayi nisan da ba hange

Anan sai layin waya, kuma ita ce hanyar da muka bi a gonar da na fara bada labari domin tsakaninta da ofis ɗin tafiya ce mai nisa. Tashoshin auna yanayi na ƙungiyar TAHMO da ake kafawa a makarantu a ƙasashen Afirka ma ta layin waya suke turo bayanansu. Tsarin shine allon ko ma'ajiyar ta zauna a can, ka haɗa ta da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi mai ɗauke da WeeWX, ita kuma ka haɗa ta da rawuta mai cin sim.

Kafin ka sayi layi kaje wurin da sim na kamfanoni biyu ko uku ka gwada a daidai inda akwatin zai zauna, da safe da kuma dare, kar ka tsaya kallon sandunan sabis, ka buɗe shafi ka gani ko yana buɗewa. Ka tambayi masu aikin gonar ma, sun fi kowa sanin wane layi ke kamawa a wane lungu. Mai gadin can da na tambaye shi cewa yayi, Malam in dai kira kake so sai ka hau kan tudun can kusa da famfo, nan ƙasa sai dai saƙo. Maganarsa ce tasa muka ɗaga eriyar rawutar sama da rufi muka juya ta gabas, kuma ta zauna.

Toh ga inda gizo ke saƙa. Da yawa suna zaton in rawuta ta hau intanet sai kawai su nemo adireshinta su shiga daga gida. Ba zai yiwu ba a layin waya na yau da kullum, saboda kamfanonin suna tara dubban mutane ne a bayan adireshi ɗaya, abinda ake kira CGNAT, kai kana iya fita amma ba mai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa daga waje, duk buɗe fot, wato ƙofar shiga, da zaka yi a rawutar aikin baban giwa ne. Mafita biyu ce. Ta farko ka bar tashar ita ta riƙa turowa, ko ta MQTT, wata hanyar tura gajerun saƙonni, zuwa wata saba, wato kwamfutar dake zaune a intanet tana karɓa, ko zuwa shafuka irin Weather Underground ko na kamfanin na'urar, kai kuma ka ɗauko daga can. Akwatunan Ecowitt ma suna da wurin da zaka rubuta adireshin sabarka da fot da tazarar lokaci su riƙa turawa kai tsaye, sai dai Wi-Fi ɗinsu 2.4 GHz ne kawai, in rawutarka ta haɗe 2.4 da 5 a suna ɗaya ka raba su. Ta biyu, wadda nafi so, ka sa manhajar haɗa na'urori ta keɓaɓɓiyar hanya irin Tailscale ko ZeroTier ko WireGuard a Pi ɗin da kuma kwamfutarka, sai su zama kamar a ɗaki ɗaya suke, ka buɗe shafin tashar ka gani, ka shiga ka gyara abu, ka kwafo fayil ɗin bayanan duk dare, ba tare da ka bar ƙofa a buɗe ga duk duniya ba. Ka canza kalmar sirrin da rawutar tazo da ita ko da wace hanya ka bi.

Data ba abin damuwa bace, in saƙo ɗaya ya kai kilobayit ɗaya kana turawa duk minti, sau 1440 kenan a rana, wata guda bai kai megabayit 50 ba. Abinda ke cinye data shine sabunta manhaja da kanta da kuma in yaran gona sun samu kalmar sirrin Wi-Fi. Abinda yafi kashe irin wannan aikin kuwa mantuwa ce, data ta ƙare ba wanda ya sani, ko layin ya daɗe ba'a sa masa kuɗi ba a rufe shi. Ka yi rajistar sim ɗin da NIN na wanda zai daɗe tare da aikin, ka rubuta lambar a jikin murfin akwatin daga ciki, ka sa tunatarwa a wayarka.

Wuta kuma a yi mata lissafi da biro. Ka ɗauka Pi da rawuta tare suna jan wat 8, sau awa 24 ya zama wat-awa 192 a rana. Batir mai bolt 12 amfiya-awa 100 yana da 1200, amma in na dalma ne rabi kawai zaka taɓa in kana son ya yi rai, 600 kenan, kwana uku babu rana. Fanel mai wat 100 zai cika shi cikin kwanciyar hankali. Kar ka matse anan, watan Agusta ana jera kwanaki hadari ya rufe, hunturu kuma hazo ya dusashe rana ƙura ta kwanta akan fanel kamar an barbaɗa gari. Kar ka sa inbata, ka ɗauki wuta kai tsaye daga batir, rawuta mai bolt 12, Pi kuma ɗan abin rage wuta zuwa bolt 5 mai ƙarfin amfiya 3. Akwatin ya zauna a inuwa da 'yan ƙofofin shan iska da aka toshe da raga, domin zafin Afrilu a cikin rufaffen ƙarfe yana kashe batir, ramin da ba raga kuma zanzaro da ƙadangare sun samu gida. Sannan in akwai soket a fili za'a yi cajin waya dashi, wannan ba sai an faɗa ba, mu dai sai muka ware wa mai gadi nasa ɗan fanel da wurin caji daban kowa ya huta.

Agogo da 'yan saite-saite

Raspberry Pi kafin na 5 bashi da agogon da ke riƙe lokaci in wuta ta ɗauke, daga intanet yake tambaya. In ya tashi babu sabis sai ya ci gaba da rubuta bayanai da lokacin da ba daidai ba, ka dawo ka tarar ruwan daren Talata an rubuta shi ranar Lahadi. Ɗan agogo DS3231 mai batirin kwabo ba tsada, ka sa masa. Yankin lokaci ka zaɓi Africa/Lagos ko Africa/Niamey, duka awa ɗaya ne gaba da UTC kuma bama canza agogo da rani ko damina, in allonka yana da wannan saitin na Turawa ka kashe shi. Agogon allo da na kwamfuta su zama ɗaya.

Ka sa tsayin wurin daga teku daidai. Kano wajen mita 480 take, saboda haka matsin iskar da na'urar zata auna zai zauna kusa da 955 hPa, alhali wanda ake bugawa a rahotanni an maida shi na bakin teku ne sama da 1000 kaɗan, in ka ga wannan bambancin ba lalacewa bace tsayin ne baka shigar ba. Ka zaɓi milimita da ma'aunin Salshiyas, ka tabbatar girman cokalin ruwa da ke manhaja yayi daidai da na na'urar, domin na Amurka 0.01 na inci ne wato milimita 0.254, in ka ruɗa su duk lissafin daminarka ya karkace. In akwai tashar hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, kusa da kai, irin na filayen jirgin sama, ka riƙa kwatanta zafi da matsin iska da nasu, ruwan sama dai kar ka kwatanta, ana yinsa a unguwa ɗaya a bar ta kusa da ita a bushe.

Kafin ka tattara kayanka ka bar gonar ga gwajin da nake yi kullum. In zare wutar komai in ƙirga ashirin in mayar, in tsaya ban taɓa komai ba in ga ko zai tashi da kansa har bayanai su isa wayata. Sai in cire sim ɗin na rabin awa in mayar in duba ko giɓin ya cike daga ma'ajiya. In ɗaya daga cikin biyun nan bai yi ba ban gama ba kenan, ko magariba tayi. Rawutoci da yawa suna da saitin sake kunna kansu duk dare ko in sun rasa intanet, ka kunna shi. Katin ajiyar Pi ɗin ka sayi mai juriya irin na kamarar tsaro, ka kwafi na biyu ka manna shi da salatif a cikin akwatin yadda ko ta waya zaka iya cewa a cire wancan a sa wannan.

Daga ƙarshe ka nuna wa wanda ke kwana a wurin abu uku, makunnin da zai kashe ya kunna in ka kira shi, yadda zai goge fanel da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe kafin ya yi zafi, da yadda zai leƙa mazurarin ruwa ya cire ganye da kashin tsuntsu da yanar gizo, musamman a watan Mayu kafin ruwan farko. In kaga anyi ruwa kamar da bakin ƙwarya amma kwamfuta na nuna sifili alhali zafi da iska suna zuwa lafiya, kar ka taɓa rawuta ko manhaja, mazurarin ne ya toshe, ka kira Baba mai gadi ya ɗauki tsani.